Takardar da Gwaggo ta sa na rubuta

Shekarar da aka yi yaƙin Masar ina koyarwa a lakwal, wato makarantar boko ta Matameye, shekarata ta biyu ke nan da fara aiki. Ban yi aure ba tukuna. Ina zaune a gidan gwaggona, yayar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyata ina ɗan shekara huɗu. Duk gari Hajiya ake ce mata, ni kaɗai nake ce mata Gwaggo. Ita kuwa tun ranar da na riƙe alli ta daina kiran sunana, sai dai Mushe, wato Malam a bakin Faransawa, yadda ƴan makaranta suke kirana, rabi tsokana rabi alfahari.

Gwaggo ta je Makka a ƙasa tun ba a haife ni ba, ita da mijinta da ƴarsu ta fari, wadda a goye aka fita da ita daga Matameye. Sun yi shekaru a hanya, su yi noma a nan, su tsinci auduga a can, har suka haye teku suka sauke farali. Daga nan mijin ya ce ba zai juyo gida ba sai ya yi salla a masallacin Ƙudus. Ya yi sallar, amma bai dawo ba. Ciwon ciki ya kama shi a wani ƙauyen Falasɗinawa kusa da teku, can aka binne shi. Mutanen ƙauyen suka riƙe Gwaggo da ƴarta, suka ba su ɗaki, tana taya su aikin lambun lemo. A can yarinyar ta girma, a can ta auri wani mai lambu wanda kakansa ma daga ƙasar Barno ya je. Bayan bikin ne labari ya iske Gwaggo cewa tsohuwarta na kwance a gida. Ta ce bari ta zo ta gan ta ta koma. Tsohuwar ta daɗe tana jinya kafin ta cika, sai ga ni an miƙo mata, sai babban yaƙin Turawa ya toshe hanyoyi. Da aka buɗe kuma, hanyar da ta bi da ƙafarta ba a bin ta sai da fasfo da hoto da takardar allura, ga gwiwoyi sun fara ba ta labari.

A cikin shekara ashirin wasiƙa uku ta samu daga ƴar, duka da larabci, duka ta hannun alhazai masu dawowa. Malamin unguwarmu, wanda yake ja mana salla, shi yake karanta mata. Ta ƙarshen ta ce an kore su daga ƙauyen, lambun ya tafi, yanzu suna wani sansani a Gaza da ƴaƴa biyar, idon maigidan kuma yana ta raguwa. Gwaggo ba ta taɓa kama sunan ƴar ba, saboda kunyar ƴar fari. Sai dai ta ce "ta gabas". Ni kuma Yaya nake ce mata, ko da yake ban taɓa ganin ta ba.

Da kaka ne, ana tsakiyar cinikin gyaɗa, labarin ya shigo gari. Akwai wani Alhaji ɗan Damagaram da yake saukowa garinmu kowace shekara sayen gyaɗa, yana da akwatin rediyo da ake haɗawa da batirin mota. Bayan la'asar maza kan taru a rumfarsa, ya murɗo tashar Larabawa, ya saurara, ya juya mana da Hausa, don ya yi fatauci a gabas yana jin larabci. Ranar nan muka ga ya daɗe bai juya komai ba. Da ya ɗago sai ya ce sojojin Isra'ila sun shiga ƙasar Masar, Ingila da Faransa kuma sun kawo jiragen sama da na ruwa suna zuba wuta. Bayan kwana biyu ko uku ya ce an kama Gaza.

Na ji da kunnena, na koma gida na ci tuwo, ban ce wa Gwaggo komai ba. Na yi tsammanin zan iya ɓoye mata har abin ya lafa. Na manta cewa gurasa take yi ta sayarwa, sana'ar da ta koyo a can, kuma kowace safiya rabin matan unguwa suna aikowa ko su zo da kansu.

Ina tsakiyar darasin lissafi na ga yara sun daina kallon allo suna kallon ƙofa. Gwaggo ce a tsaye da sandarta, ita da ba ta taɓa taka harabar lakwal ba.

"Mushe, fito."

Na fito. Ko gaisuwata ba ta amsa ba.

"Farkon shekarar nan an zo da kamiyo, babbar motar nan, har ƙofar gida, aka kwashe mu tsofaffi aka kai mu muka jefa takarda a akwati. Aka ce wanda muka jefa wa zai je ya zauna a ɗakin da ake yanke magana a ƙasar Faransa. An faɗa ko ba a faɗa ba?"

"An faɗa, Gwaggo."

"Jiragen da ake cewa suna zuba wuta, na wa ne?"

Na waiwaya na dubi ajin. Yara sun kasa kunne. Na sassauta murya na ce har da na Faransa.

"To ka rubuta musu. Ka ce in ji ni, su tashi tsaye a ɗakin nan su ce a daina harbi. Ba wani abu nake nema ba."

Na lallashe ta ta koma gida. Da na taso na zauna na yi mata bayani. Ranar da aka ɗauke ni aiki na sa hannu a takarda cewa ba ruwana da siyasa. Da bazara akwai jarrabawar da zan zauna a Damagaram, in na ci a ƙara mini girma. Na kuma san wani abokin karatuna da aka tura can cikin Sahara, inda sai a yi wata ba a ga mota ba, don kawai ya yi magana a taron jam'iyya. Na faɗa mata duk wannan. Ta saurara har na gama, ta ce, "To." Ba ta ƙara ba.

Kwana uku tana ajiye mini abinci a bakin ɗaki ta juya. Ba faɗa, ba gori. Sai dai ta daina ce mini Mushe, ba ta kuma koma ga sunana ba, sai "kai". Ina jin ta a tsakar gida tana murza kwaɓin gurasa, in ta gaji ta zauna ta fuskanci gabas ba tare da tana salla ba. A lakwal ina koya wa yara sunayen kogunan Faransa, a gida ina cin tuwon matar da jiragen Faransa suke yawo a kan jikokinta. Ban san inda zan sa kaina ba.

Ranar Alhamis, da yake ba a karatu, na ɗauko farar takarda da alƙalami na zauna a kan tabarmarta. Ta aika aka kira Malam.

Tun layin farko muka saɓa. A faransanci ba a rubuta wa babba sai an fara da cewa kana da alfarmar zuwa cikin ladabi ka roƙi alherinsa. Da na juya mata sai ta ce, "Ni ba alheri nake roƙo ba. Goge."

"Ba a gogewa, Gwaggo. In babu wannan ba za su karanta ba."

"To bar shi, amma ka sa nawa a ƙasa. Ka ce na ci gurasar mutanen nan fiye da shekara goma. Ka ce su suka wanke mijina suka binne shi, ba su tambayi ko ɗan wane ne ba. Ka ce ina da jikoki biyar da ban taɓa gani ba, gabansu teku, bayansu soja, ba su da inda za su gudu. Ka ce ban san wanda ya fara ba, ban kuma tambaya ba. A daina harbi, a bar mutane su fita neman abinci."

Na rubuta, ina sassauta wasu kalmomin saboda tsoro. Da na karanta mata fassarar ta ce ba haka ta faɗa ba, ina teku, ina soja? Na sake sabuwar takarda na sa su. Malam ya karɓa ya rubuta maganar da ajami a ƙasa, yadda duk mai so zai ji abin da ke ciki. Shi ne kuma ya ce maganar mutum ɗaya ba ta da nauyi, a nemi jama'a su sa hannu. Ya fara dangwala yatsansa da tawadar allo, sai ta baje ta ɓata gefen takardar. Ni da kaina na je aji na ɗebo tawadar lakwal, mai ruwan shuni da ja-ja, na zuba a kan tsumma cikin murfin gwangwani. Ita ta kama takarda sarai.

Gwaggo ta ɗauki takardun ta shiga gidaje. Lokacin maza da yawa sun riga sun tafi cin rani Kano da Ikko, gidajen sai mata da tsofaffi. Ta ba ni labarin wata da ta ce ita maigidanta ba ya nan, ba za ta iya ba sai da izninsa. Gwaggo ta ce mata, "Da zai tafi, ya tafi da babban yatsanki ne?" Matar ta yi dariya ta dangwala, ta kuma kira maƙwabtanta ta katanga. Wasu ba su san inda Gaza take ba, sun dai san Hajiya, sun san tana da ƴa a can. Wasu kuma suka rufe ƙofa suka ce su ba sa shiga maganar Nasara. Ba ta yi fushi da kowa ba.

Ranar kasuwa ta shimfiɗa tabarma kusa da rumfar Alhaji, Malam na gefe yana karanta ajamin ga duk wanda ya tsaya. Mutanen Tsauni da Icirnawa da Kance da suka kawo gyaɗa a kan jakuna suka riƙa tsayawa. Ni ina nesa, ina yi kamar ina taya goro. Daga nan na hangi wani tsohon soja, wanda duk gari aka san shi da lambobinsa a ƙirji, ya tsaya a kansu. Na matso don na san bakinsa.

"Hajiya," in ji shi, "kin san wa kike ja da shi? Ni na ci abincinsu, na san su. Fanshona a hannunsu yake."

"Ban ce dole ba, Baba soja."

Ya yi kamar zai wuce, sai ya dawo. "Ɗana yana cikin sojan yanzu. Rabona da takardarsa tun damina. Ban san ko yana cikin jiragen nan ba." Ya dubi Malam. "Abin da ke ciki, a daina harbi ne kawai?"

"Shi ke nan," in ji Malam.

"Kowa da kowa?"

"Kowa da kowa."

Ya durƙusa da ƙyar, ya dangwala, ya goge yatsan a wandonsa bai goge ba, ya tafi bai ƙara kallon kowa ba.

Da takardu suka cika shafi shida, sai maganar wa za a ba. Waɗanda suke zama a majalisar Faransa sun yi mana nisa. Alhaji ya ce ya san wani ɗan majalisar Yamai, ɗan gidan fatake ne a Damagaram, yana gida a lokacin, shi zai iya miƙawa gaba. Ya ce kamiyonsa zai kai gyaɗa ranar Alhamis, akwai wuri a gaba. Ma'aikaci ba ya barin garin aikinsa sai da takardar izni. Ban nema ba, don na san za a tambaye ni dalili. Na dai hau.

Gwaggo da Malam suka zauna kusa da direba, ni da Alhaji a kan buhuna. Mun tashi da hantsi, muka isa bayan azahar. Da aka sauko da Gwaggo sai da ta daɗe a dafe da motar kafin ƙafafunta su yarda su ɗauke ta.

Ɗan majalisar ya karɓe mu a zaurensa. Mutum ne mai kimanin shekara hamsin, da farar riga da tabarau. Ya gaida Gwaggo har ƙasa, ya sa aka kawo ruwa da fura. Ya karanta faransancin, ya karanta ajamin, sannan ya bi shafukan yatsu ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko ɗaya ba. Ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Hajiya, harbin da ake yi a bakin mashigin ruwan Masar an tsayar da shi. Manyan ƙasashe sun sa baki. An yi kwanaki."

Gwaggo ta dube ni, ta dubi Alhaji. Mu ma mun ji ƙishin-ƙishin, amma rediyon yakan faɗi abu yau ya warware gobe.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "To Gaza fa? Sojan sun fita?"

"Ba su fita ba."

"Mutane na fita neman abinci?"

"Ban sani ba, Hajiya."

"To ba a daina ba ke nan, ranka ya daɗe."

Ya mayar da tabarau a ido. Sannan ya ce zai faɗa mata gaskiya don ta girme shi. Majalisarsu ta Yamai maganar haraji take yi, da hanya, da rijiyoyi. Ranar da ɗayansu ya ɗauko maganar yaƙi, wakilin gwamna zai ce wannan ba hurumin ɗakin ba ne, a wuce. Waɗanda suke Faransa kuwa ƴan kaɗan ne a cikin ɗaruruwa, in sun tashi ma ba lalle a saurare su ba. Amma ya yi alkawari zai miƙa takardar hannu da hannu ga ɗaya daga cikinsu.

"In ba za su iya hana harbi ba," in ji Gwaggo, "su ba ni takarda in tafi. Na san hanya."

"Ko ni aka ba takardar, Hajiya, ba zan iya shiga ba. A rufe take ta kowane gefe."

Daga nan ya juyo gare ni ya koma faransanci. Ya tambaye ni ko rubutuna ne. Na ce nawa ne. Ya ce zai sa a buga shafin farko da keken rubutu, ya ƙone nawa, kada hannuna ya je inda zai cuce ni. Na yi godiya, ina jin kunyar yadda na ji daɗi. Sai ya ƙara da cewa, cikin murya ƙasa-ƙasa, akwai labarin da yake yawo wanda bai so tsohuwar ta ji daga bakinsa: an ce a wasu sansanonin an tara maza an harbe. Bai san wanne da wanne ba, bai san gaskiyar adadin ba.

"Me ya ce?" in ji Gwaggo.

Alhaji da Malam ba sa jin faransanci. Su ukun suka zuba mini ido.

"Ya ce in mayar da ke gida da wuri, hanya ba kyau."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta nemi sandarta.

Ban taɓa gaya mata ba, har ta bar duniya. Ban sani ba ko ta gane.

Ranar Asabar da safe gardi, ɗan sandan Nasara, ya zo lakwal ya ce kumandan na kira. Kumandan ɗin, Baturen da ke riƙe da biron garinmu, wato ofishin mulki, saurayi ne, bai fi ni da shekara goma ba, kuma ba mai tsawa ba ne. Ya ba ni kujera. Ya ce a makon nan gardawansa sun lura rabin matan kasuwa babban yatsansu ya rine, kuma irin wannan tawada wuri biyu kawai ake samun ta a garin, bironsa da lakwal. Tasa ba ta ragu ba. Ya ce ya kuma ji an gan ni a kan buhunan gyaɗa a hanyar Damagaram. Ban musa ko ɗaya ba. Na ce gwaggona ce, ita ta raine ni, ƴarta na can.

Ya ce ya fahimta, shi ma yana da uwa. Ya ce da wani ne a kujerar da tuni an ɗaure mini kaya zuwa arewa, amma shi ba zai yi haka ba. Abin da zai yi shi ne, daga yau ba zan fita Matameye ba sai da takarda mai sa hannunsa, ko da hutu ne, kuma kowace Asabar in zo biro in sa hannu a gaban gardi. Na tambaye shi jarrabawar bazara fa, a Damagaram ake yin ta. Ya ce ya sani.

Ban taɓa lura da ƙanƙantar garinmu ba sai lokacin. Daga lakwal zuwa gida, daga gida zuwa masallaci, daga masallaci zuwa kasuwa, na dawo. Abokina ya yi aure a Kance, nan kusa, na kai takardar neman izni aka ce a dawo gobe, har aka gama biki. In na fita bayan gari da yamma nakan tsaya inda gonaki suka fara in ga motoci suna wucewa. Iyakar Nijeriya ba ta da nisa. Na san samari da yawa da suka bi ta daji da ƙafa suka kwana a Daura, ba wanda ya tambaye su takarda. Na sha lissafa wannan a raina. Amma wa zai ɗebo wa Gwaggo ruwa, kuma wa gardi zai zo ya tsare da tambaya in aka wayi gari ba ni?

Ta koma ce mini Mushe tun ranar da muka dawo. Da ta ji hukuncin da aka yi mini ba ta ba ni haƙuri ba, ba ta kuma ce ta yi nadama ba. Ta dai riƙa ƙara mini nama a miya. Kullum na shigo daga aiki tambayarta ɗaya ce: "An amsa?"

Da cinikin gyaɗa ya ƙare Alhaji ya naɗe rumfarsa ya koma Damagaram da rediyonsa. Gari ya kurmance. Sai abin da direbobi suka kawo, ko wanda ya dawo daga Kano ya ce ya ji an ce. Masu dangwala yatsa sukan tare ni a hanya su tambaye ni ina labarin takardarmu. Tsohon sojan nan bai taɓa tambaya ba, sai dai ya ɗaga mini hannu daga nesa.

Amsar ta zo bayan wata uku, ta hannun wani direba, ba ta gidan waya ba. Ɗan majalisar ya cika alkawari. Layi uku ne da keken rubutu: an miƙa takardar mutanen Matameye ga wanda ya dace, ya karanta, ya ce ya lura da abin da ke ciki. Na tsaya a zaure na karanta sau uku, ina neman abin da zan ƙara mata. Da na shiga na kasa. Ƙarya ɗaya da nake ɗauke da ita ta ishe ni. Na juya mata yadda take.

"Ya tashi ya faɗa a ɗakin?"

"Ba a rubuta ba, Gwaggo."

"Amma ya karanta."

"An ce ya karanta."

"Har da teku da soja?"

"In dai bai tsallake ba."

Ta karɓi takardar ta jujjuya ta, ta ce in kai wa Malam ya faɗa wa jama'a bayan sallar Juma'a, don suna da hakki su ji. Malam ya faɗa. Aka ɗauki takalma aka watse.

Da zafi ya kama muka ji sojan sun janye daga Gaza. Gwaggo ta yi sadakar gurasa a ƙofar gida. Ranar jarrabawa ta zo ta wuce ina aji ina koyar da rabawa. Muka zauna jiran wasiƙa daga gabas. Duk wanda zai tafi aikin hajji daga yankinmu, a ƙasa ko a mota, sai ta aika an kira shi, ta faɗa masa sunan ƙauyen da sunan mijin ƴar, ta sa ya maimaita har ya riƙe. Alhazan shekarar suka dawo ba labari.

A shekara ta biyu aka canza kumandan. Sabon ya duba takarduna ya ce bai ga amfanin wannan sa hannu na Asabar ba, in tafi inda na ga dama. A lokacin Gwaggo ba ta iya tashi sai an ɗaga ta, ni ke kama ta in fito da ita inuwa da safe in mayar da ita da yamma. Na karɓi iznin na ajiye. Ko Kance ban je ba.

Cikin damina ta gaba wani mutumin Icirnawa da ya shekara huɗu a hanya ya dawo, ya zo har gida. Ya ce a Madina ya haɗu da wasu mutanen Gaza ya tambaye su. Sunan mijin ba wanda ya sani. Amma ɗaya daga cikinsu ya ce a sansaninsu akwai wata baƙar mace, ƴar mutanen yamma, ungozoma ce, ita take karɓar haihuwar rabin sansanin, kuma bara ya bar ta da rai. Bai san sunanta ba, bai san ko tana da miji ba.

"Tana jin Hausa?" in ji Gwaggo.

"Ban tambaya ba, Hajiya. Bai zo mini ba."

Na ce a raina baƙaƙen mata a can ba ɗaya ba ne, akwai na Sudan, akwai na wasu wurare. Ban furta ba. Gwaggo ta ce ta gabas tun tana ƙarama ba ta tsoron jini, in ana yanka kaza ita take riƙe ƙafa. Ta ce in kawo takarda.

Wannan karon ba faransanci. Malam ya rubuta da larabci, ta faɗa masa abin da zai sa: wace ce ita, sunan mijinta, ƙauyen da aka binne shi, da cewa in wadda ta karɓi takardar ba ƴarta ba ce, don Allah ta tambaya mata a cikin matan da take karɓa wa haihuwa. Ni na rubuta bayan ambulan da boko: zuwa ga ungozoma baƙa, ƴar mutanen yamma, a sansanin Gaza.

Na kai gidan waya da safe. Ma'aikacin ya karanta, ya ɗago ya dube ni, ya ce ba suna? Na ce babu. Ya ce to wace ƙasa zai sa a ƙasa, don ba a karɓar wasiƙa ba ƙasa. Na ce Falasɗinu. Ya buɗe littafinsa ya bi da yatsa, ya juya shafi ya sake bi, ya ce shi bai ga inda zai sa ta ba. Muka tsaya muna kallon juna, mutane na jira a bayana. Daga ƙarshe ya ce bari ya sa ta hanyar Masar, in ta isa can su sun san yadda za su yi. Ya rubuta, ya buga hatimi, ya jefa ta cikin buhu.

Gwaggo ta rasu bayan girbin shekarar, da hantsi, ina aji. Har na bar Matameye bayan shekaru ina leƙa gidan waya duk ranar da motar wasiƙu ta shigo. Amsa ba ta zo ba, wasiƙar kuma ba a dawo da ita ba.